Jan Takalmin Atika

Malam Aƙilu baduku ne, ɗan baduku, jikan baduku. In ka tambaye shi kamannin wani mutum a Sakkwato, sai ya ɗaga kai yana laluben fuska ya rasa. Amma tambaye shi yadda ƙafar mutumin take, yanzun nan zai ɗauki tsinke ya zana maka ita a ƙasa, har da yatsan da ya hau kan ɗan'uwansa. Ai dole. Shekara arba'in yana zaune a rumfarsa, kai a sunkuye bisa jar fatar akuya, abin da ke wucewa ta gaban idonsa ƙafafu ne kawai, na mahauta masu faɗi, na leburorin siminti na Kalambaina da suka yi fari fat da faso.

Ƙafar da ya fi sani duk duniya kuwa ta matarsa ce, Atika, kuma ita ce ta so ta kuɓuce masa.

Ciwon suga ne ya kama Atika, ya bi a hankali ya kwashe mata ji daga tafin ƙafa, ba ta jin zafi ba ta jin sanyi. Wata rana ta taka ƙusa a ƙofar gidansu a Runjin Sambo, ƙusar ta huda silifas ta shige. Baiwar Allah ta je kasuwa ta sayo kuka da daddawa, ta dawo tana ta hirarta, sai maƙwabciya ce ta ga jini na bin ta ɗigo-ɗigo. Wata biyar suka yi suna zirga-zirga a asibitin koyarwa na jami'a kafin ramin ya rufe. A cikin watannin nan Malam Aƙilu ya ga abin da ya hana shi jin daɗin tuwo, wato mutanen da suka shigo da ƙafa biyu suka fita da ɗaya.

Ranar da za a sallame su, likitar da ke duba ta, Dakta Khairiyya, wata siririya mai tabarau da saurin magana, ta ɗauko wani zare mai tauri kamar gashin wutsiyar doki tana dangwala wa Atika a tafin ƙafa.

"Inna, kin ji?"

"Mi?"

"Nan hwa?"

"Ɗiyata, in kin soma ki hwaɗa man."

Dakta ta ajiye zaren ta juyo. "Baba, ka dai gani. Ƙahwa ta warke, amma ba ta da bakin kai ƙara. In wani miki ya sake buɗewa ya kai ga ƙashi, ba ni da abin yi sai yankewa." Tana cikin maganar idonta ya sauka a hannunsa. "Mi ya rina maka yatsu haka?"

"Karan dahi ne, Likita. Dukanci nika yi."

Ta ƙura masa ido, har ya soma tunanin ko ya faɗi abin da bai dace ba. Sai ta miƙe ta ce su biyo ta.

Can bayan ɗakunan marasa lafiya, bayan an wuce layin dogonyaro, akwai wani dogon gini na jan bulon ƙasa, rufinsa da tsawo, tagoginsa can sama. Fayafayan sola sun rufe kansa suna shan rana. Malam Aƙilu ya sa ƙafa ciki ya ji sanyi kamar ya shiga randa, alhali ba na'urar sanyi ko ɗaya. Abin da ya tsayar da shi cak kuwa shi ne wata doguwar kantar katako. Daga wannan bango zuwa wancan ƙafafu ne jere, farare tas, siffofin ƙafafun marasa lafiya da aka zuba da filasta, kowace da suna a rubuce a dunduniya. Ya ga kamar wata jama'a ce ta zo, ta tuɓe ƙafafunta ta ajiye, ta wuce wani wuri, kuma kowane lokaci za ta iya dawowa ta ɗauka.

"Takalman masu suga daga ƙasar waje aka kawo su," in ji Dakta. "Kahin su iso ƙahwa ta tahi. In sun iso ma ba don ƙahwarmu aka yi su ba, ba don zahinmu ba. Jami'a ta gina wurin ga don mu yi namu, da hwatarmu da tsohuwar taya. Muna da awo, Baba. Hannu ne ba mu da shi."

Ta sa Atika ta hau wata 'yar tabarmar roba da ɗalibai suka haɗa da waya. Sai ga tafin ƙafarta ya fito a fuskar kwamfuta, kala-kala. Malam Aƙilu ya matso. Shekara talatin da takwas yana tare da ƙafar nan bai taɓa ganin ta haka ba. Ta zama kamar fadama in tsuntsu ya hango ta daga sama, ga shuɗi kamar ruwa kwance, ga kore kamar shinkafa, sannan can gefe ga wasu wurare biyu ja wur kamar garwashi.

"Inda ka ga ja, nan ƙasa ka cizon ta."

"Ikon Allah," in ji Atika. "Ashe lambu nika takawa da shi ban sani ba."

Haka ya soma zuwa wannan ɗakin awo yana ɗinka takalma, kwana uku a mako. Dokokin wurin ba yawa, amma Dakta ta maimaita su har ya haddace. A ɗinka bisa siffar filasta, kada a rage ko sili ɗaya. Kada ɗinki ya fito ta ciki. Kowane takalmi sai mai shi ya hau tabarmar da shi kafin ya tafi gida. Ranar farko awa ɗaya kawai za a sa, a cire, a duba ƙafa ko wani wuri ya yi ja.

Ya bi, wallahi ya bi. Sai dai takalman in sun fito ransa ba ya so. Faɗi gare su da ƙaton baki, kamar kwalekwale. Na farkon ma na Atika ne, kuma tun ranar ta raɗa musu suna kwalekwalen Malam. Ta riƙa sauke zani ƙasa-ƙasa don ya rufe su. Amma ƙafa ta zauna lafiya, wata shida ko ƙwarzane babu. Mutane suka riƙa zuwa daga Wamakko, daga Bodinga, wani tsoho har daga Illela, kowa ya tafi da kwalekwalensa yana sa albarka.

Ana nan sai 'yarsu Fiddausi, da ke aure a Unguwar Rogo, ta haihu, mace. Murna a gidan nan ba a magana. Kwana biyu da haihuwa suna zaune a tsakar gida da la'asar, Atika na tsince shinkafa, sai ta ja numfashi.

"Ranar suna dai za a jera takalma ƙohwar ɗaki. Na kowa da kyawo, na kakar jaririya awa an kihe ƙorai biyu."

"To ke wa za ya diba takalmin tsohuwa?"

"Dangin mijin Fiddausi. Su da ba su barin komi. Matar baduku, Malam. Matar baduku guda."

Dariya ta yi, ta ci gaba da tsintarta. Shi kuwa maganar ta shige shi ta zauna.

Washegari a rumfarsa, da rana ta take kasuwa ta yi tsit, ya jingina da buhun fata barci ya ɗan ɗauke shi. Sai ya ga Atika tana yarinya, kamar shekarar da aka kawo ta, tana tafe a bisa gulbi. Ganyen bado ne shimfiɗe a kan ruwa, tana taka su ɗaya bayan ɗaya ba su nutsewa. A ƙafarta akwai jan takalmi siriri mai ɗan tsinin baki, da zanen kore da ruwan ɗorawa a bisa. Duk inda ta ɗaga ƙafa sai wurin ya yi shuɗi. Ya buɗe baki zai kira ta, sai kiran sallar azahar ya tashe shi.

Ko da ya dawo daga masallaci ya jawo wata fata da ya daɗe yana ɓoyo, ta 'yar akuya, mai laushi kamar kunnen jariri. Bai buƙaci siffar filasta ba, ƙafar tana cikin kansa. Ya zana, ya ɗauki wuƙa, sai hannunsa ya tsaya.

To ka san kowace sana'a da abin da uba ke sa wa ɗansa a hannu tun yana ƙarami. Na gidansu Aƙilu shi ne, in ka auna ƙafa da kaba, ka rage faɗin yatsa ɗaya kafin ka yanka, don fatar akuya tana saki. Sabon takalmi zai ɗan ciji mai shi kwana biyu uku, daga nan su saba, ya kama ƙafa ɗas. In ba ka rage ba, bayan wata ɗaya sai ka ga mutum na jan takalmi kamar na aro, a ce wane baduku ne ya yi wannan. Hannunsa ya yi haka sau dubu nawa, Allah kaɗai ya sani. Maganar Dakta ta zo masa, bai manta ba. Ya ce a ransa, ai ba yatsa guda zan rage ba, rabi. Kuma fatar nan ko ƙwai aka naɗe da ita ba zai fashe ba. Kuma wa ya san ƙafar nan kamar ni? Ya yanka.

Kwana uku yana ɗinki, yana zuba zane da kore da ruwan ɗorawa yadda ya gani a bisa gulbi. Bai kai shi ɗakin awo ba. Ya san abin da za a ce masa.

Ranar jajibirin suna ya ajiye mata a gaban tabarma. Atika ta ɗauka ta juya, ta sake juyawa.

"Likita ta gani?"

"Sa ki ji."

"Ni da ba ni ji?" Ta zura ƙafa, ta miƙe, ta taka zuwa bakin rijiya ta dawo tana wani rangaji. "Kai, Malam. Ashe kana nan."

A ranar mata suka yi ƙunshi, kamar yadda aka saba in za a yi suna. Lallen ya kama Atika da kyau, tafin ƙafa da yatsu da gefe duk suka yi ja mai duhu har kusa da idon sawu.

Suna ya yi suna. Tun hantsi take tsaye, daga wurin tukwane zuwa ɗakin mai jego, daga nan zuwa tarbar baƙi. Malam Aƙilu na waje cikin maza, inda mahauci ke fiɗar rago, yana jin guɗa na tashi daga cikin gida. Wata ƙanwar surukinsu ta leƙo musamman ta ce masa, "Baba, nawa takalmin hwa? Ko sai an zama kaka?" Ya ji kamar an ɗaga shi sama an ajiye a hankali.

Da suka dawo gida, rana na shirin faɗuwa, ya ce ta miƙo ƙafa. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya duba tsakanin yatsu. An ce a nemi ja, to ga ƙafa duk ja, ina zai gane wanda ake nufi? Ya ce lafiya lau. Washegari ta sake sawa ta koma wurin mai jego, wanshekare ma haka.

A rana ta huɗu da hantsi tana zaune tana gyaran zogale, ya ɗauki takalman zai shafa musu mai. Baduku kuwa ba ya ɗaukar takalmin da ya ɗinka bai zura hannu ciki ba, don ya ji yadda fata ta saki. Na hagu ya saki, laushi lau. Ya zura a na dama. Can gefe, daidai inda ƙaramin yatsa ke kwanciya, fatar ta yi tauri kamar an ɗiga mata koko ya bushe. Ya leƙa bai ga komai ba, jan rini ya shanye. Ya kai yatsansa hanci.

Ƙarnin miki ne.

Ya durƙusa ya ɗora ƙafarta a cinyarsa, ya rufe ido, ya bi ta da babban yatsa kamar yadda yake bin fata in yana neman inda ƙaya ta taɓa huda akuya. A gefen ƙaramin yatsa ya ji wuri da ɗumi, ya yi luguf. Ya danna kaɗan, ruwa ya fito.

"Malam, lahiya? Rana tsaka ka riƙe man ƙahwa awa ango?"

"Ɗauko mayahinki."

"Zogalen hwa?"

"Atika, ɗauko mayahinki."

Da ta ji ya kira sunan haka, sai ta ajiye zogalen ta ɗauko.

Suka hau keke mai ƙafa uku zuwa asibiti. Takalmin na aljihun rigarsa, yana jin nauyinsa kamar dutse. Dakta Khairiyya ta wanke wurin, ta kankare fatar da ta mutu, sai ga rami ƙarami, bai fi ƙwayar wake ba. Ta ɗauko wani siririn ƙarfe ta soma zurawa a hankali. Atika na kallon rufi, ba abin da ta ji. Shi ne ya ji. Ƙarfen na shiga, shi kuma yana ganin kantar nan ta fararen ƙafafu, yana ganin wata guda ɗaya tilo an jingine ta gefe da sunan matarsa a dunduniya. Fankar sama na juyawa kamar ba ta son juyawa.

Dakta ta zare ƙarfen. "Bai kai ƙashi ba. Saura kaɗan, amma bai kai ba."

"Alhamdu lillahi," in ji Malam Aƙilu.

"Wane takalmi kinka sa, Inna? Namu ba ya yin haka."

"Na roba na sa, ɗiyata," in ji Atika da sauri. "Laihina ne. Sha'anin biki."

Malam Aƙilu ya sa hannu a aljihu ya fito da jan takalmin, ya ajiye a kan tebur. "Ba ta da laihi, Likita. Rufa man asiri taka yi. Ni na ɗinka, ban kawo awo ba."

Dakta ta ɗauka ta juya shi a hannu. "Wallahi ya yi kyawo." Ta cire tabarau ta dube shi. "Nawa ka rage?"

"Rabin yatsa. Haka mahaihina ya koya man. Hwata tana saki."

"Tana saki, gaskiya ne. Amma Baba, takalmin mahaihinka yana da abokin aiki, shi ne zahi. Shi ka gaya ma mai shi ya tuɓe ya huta. Inna ba ta da abokin aikin ga. Kahin hwata ta saki, ƙahwa ta riga ta saki."

Ya sunkuyar da kai. Tsoho mai furfura, yarinyar da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba tana yi masa faɗa, kuma ya san ko sanda ta ɗauko ba ta zalunce shi ba.

Can ta sake duban ƙafar, ta yi tsaki ƙasa-ƙasa. "Mu ma da namu. Mun rubuta a takarda a diba ja, mun manta matanmu na ƙunshi. To kai ta yaya ka gane?"

Ya gaya mata yadda ya zura hannu. Sannan ya ce, "Jan rini shi ya ɓoye man. Da farar hwata ce ciki, yadda take hitowa daga majema kahin a rina, ko ɗigo ɗaya ne da na gani tun ranar suna."

Dakta ta jawo takarda ta rubuta. "Gobe ka zo da ita mu gwada."

Mako bakwai Atika ba ta taka ƙasa da ƙafar dama ba. Malam Aƙilu ne ɗebo ruwa, shi ne kai ta asibiti wankin miki duk bayan kwana biyu, har ya koyi kaɗa miya, maƙwabta na leƙe ta katanga suna cewa amarya ta iya girki. Wani lokaci ramin ya yi kamar zai rufe sai ya tsaya, ran tsoho ya tsaya tare da shi. A hankali dai nama ya taso, ya cika, fata ta rufe.

Sabon takalmin a ɗakin awo ya ɗinka shi, bisa siffar filasta, bai rage ko sili ba. Ciki fari sol. Waje kuwa Dakta ta ce nasa ne, ya yi abin da ya ga dama, sai ya zuba masa zane tun daga baki har dunduniya. Faɗinsa na nan, ƙaton bakinsa na nan. Atika ta hau tabarma da shi, kwamfuta ta nuna shuɗi da kore, ba ja ko ɗigo.

Ranar da aka ba ta izinin tafiya, ta ce ita da ƙafa za ta je ganin jikarta, ta gaji da zama kamar tulu. Ya ce hanya da nisa, su taka iyakar abin da aka yarda, sauran su hau keke. Suka fito da safe, tana gaba yana baya, idonsa a dunduniyarta. Tana tsayawa gaisawa da duk wanda ta sani da wanda ba ta sani ba. Yana duba agogon wayarsa. Awa ɗaya na cika, daidai wata inuwar dogonyaro inda 'yan kabu-kabu ke jiran fasinja, ya ce, "Zamna nan."

"Nan? Bisa titi?"

"Awa ta cika."

Ya roƙi mai shayi benci, ta zauna tana jan mayafi tana rufe fuska. Tsoho ya durƙusa a gabanta cikin ƙasa ya zare takalmin dama.

"Malam, mutane na kallo."

"Su kalla."

"Baba, a haka dai!" wani ɗan kabu-kabu ya ɗaga murya. "Ku diba soyayya, ba irin tamu ba!" Sauran suka kwashe da dariya, har da mai buga ham.

Bai ko waiwaya ba. Ya karkata takalmin wajen haske ya leƙa, fari tas. Ya zura hannu, a bushe. Ya riƙe ƙafar ya rufe ido, ya bi ta da yatsa a hankali, dunduniya, tafi, gefe, har kan tabon. Sanyi lau, ba inda ya yi luguf. Ya yi wa ta hagu haka. Sannan ya zauna a kan dugadugansa ya sauke wani dogon numfashi.

"To?" in ji Atika ta cikin mayafi.

"Lahiya lau."

"To mayar man, ka tsayar muna da keke. Yarinyar can ta kusa yin wayo ba ta san kakarta ba."